Ruwan radiyeta ya koma kalar shayi bayan wanki, gaskit ne ko me?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin mota ku taimaka min da shawara kafin in je in zubar da kuɗi a banza.

Corolla ce gare ni ta 2010, otomatik, hom-yus (wadda aka yi amfani da ita) daga Amurka, shekara biyar kenan tana hannuna tun da aka fito da ita daga tashar jiragen ruwa ta Tema. Maganar gaskiya ban taɓa canza ruwan radiyeta gaba ɗaya ba, in ya ragu sai dai in ƙara, wani lokaci kulant (ruwan sanyaya inji) kore na gidan mai, wani lokaci kuma wlh fiya wata nake fasawa in zuba in ina sauri. To ranar Asabar na ce bari in yi mata gata tunda bikin ƙanwata ya matso kuma Tamale za mu da iyali, sai na kai ta wajen wani fita, wato makanike, a nan bayan Asawase. Yaronsa ya kwance ƙasan radiyeta ruwa ya zube, ya juye wani maganin wanki na kwalba da ruwan famfo, aka bar ta a silo kamar minti 15, ya zubar, ya ɗura ruwa ya sake zubarwa sau ɗaya, sannan aka zuba sabon kulant ja. Galan mai lita 4 na saya amma bai shanye ba, saura na nan a but. Ja zur kamar sobolo (zoɓo), da idona na gani.

Yau Laraba da na dawo daga sallar asuba na buɗe bonet in duba, abin da na tarar a robar gefe, wato tankin ajiyar ruwan radiyeta, ba ja ba ne, ya koma kalar shayin da ba a sa wa madara ba, har da ɗan duhu-duhu. Allurar zafi ba ta tashi ba, motar na tafiya lafiya lau, ruwan ma bai ragu ba. Maƙwabcina ya leƙa ya ce gaskit ɗin kan inji ne, in shirya kuɗin buɗe inji. Tun safe ko koko na kasa sha. Jabun kulant aka sayar min, ko fitan ne ya yi min aika-aika, ko kuwa da gaske injin ne?

Direban Tafo:

Wa alaikumus salam. Malam ajiye motar nan kar ka kuskura ka hau hanyar Tamale da ita. Haka tawa ta fara, ruwa ya canza kala na yi banza da shi, kafin mu kai Kintampo hayaƙi fari ya turnuƙe ta salansa, sai janyo ta aka yi zuwa Techiman, gaskit ya ƙone kan inji ya lanƙwashe sai da aka kai aka goge. Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba.

Masta Magazin:

Haba Direba, ka tsorata yaro tun ba a duba komai ba. Ba duk ciwon kai ba ne hawan jini.

Ƙanina Ɗan Aboabo, kwantar da hankalinka ka je ka sha kokonka. Ni a cikin bayaninka na riga na ga ɓarawon, kai da kanka ka faɗa ba ka sani ba: ka ce galan mai lita 4 bai shanye ba. Injin Corolla irin naka yana cin ruwa wajen lita 5 da rabi in an tsiyaye shi ƙaf. To in lita 3 ne ko ƙasa da haka ya shiga, ina sauran wurin? A cike yake da tsohon ruwa. In ka kwance ƙasan radiyeta kawai, abin da ke fita kamar rabi ne, sauran yana kwance a jikin bulok ɗin inji da tiyo-tiyo da kuma ƙaramar radiyetar hita da ke can cikin dashbod wadda mu nan Kumasi ba wanda ya san da zamanta saboda wa zai kunna hita a wannan zafin. Ranar da aka zuba maka ja ka gan shi ja saboda a saman yake bai gauraya ba tukuna. Da ka yi kwana uku kana yawo famfon ruwa ya dama su, tsohon kore da tsatsar da maganin wankin ya ɓamɓaro suka haɗu da sabon ja. Je ka tambayi duk mai fenti a Adum in aka haɗa ja da kore me ke fitowa, ruwan ƙasa ne.

Kuma ina da tabbacin yaron bai cire robar gefen ya wanke ta ba, ba sa yi, ƙiwuya. Ƙasanta laka ce zalla, inji in ya huce yana zuƙo ruwa daga cikinta ya mayar radiyeta.

Amma ban ce ka yarda da ni haka kawai ba. Gobe da safe kafin ka tada mota, injin na sanyi ƙalau (kar ka taɓa murfin radiyeta da zafi, na ga wanda fatar hannunsa ta saluɓe kamar an fere doya), ɗebi ruwan kaɗan a kwalba mai haske ka ajiye a inuwa har la'asar. In gari-gari ja ko baƙi ya kwanta a ƙasa sama ta washe, tsatsa ce da datti, wanki ne bai fita ba. In ka ga maiƙo yana yawo a sama, ko ruwan ya yi kauri kamar Milo da madara, to nan ne za mu fara wata magana. Sannan zaro sandar gwajin baƙin mai ka duba, ka buɗe murfin da ake zuba mai ka ga ko akwai abu fari-fari kamar man kaɗe ya manne a cikinsa. Tunda otomatik ce duba man giya ma, don motoci da yawa bututun da ke sanyaya man giya ta cikin tankin radiyeta yake bi, in ya fashe ruwan kan koma hoda-hoda mai kauri kamar yogot, wannan kuma giya yake kashewa ba inji ba. Na ƙarshe, buɗe murfin radiyeta da sanyi ka tada mota ka tsaya ka kalla, in kumfa na ta ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa har bayan iskar da ta maƙale ta gama fita, alamar hayaƙin inji na shiga ruwa ne. Akwai ma wani ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin radiyeta, in hayaƙi na shiga sai ya koma rawaya, wasu shagunan a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, suna da shi, minti biyar an gama. Duk wanda ya ce zai buɗe maka kan inji bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuɗin cefanensa yake nema a jikinka.

Injiniyan Sawaba:

Masta ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni dai zan ɗan ƙara a kan kalar, saboda nan ne mutanenmu suke ruɗewa, kuma masu sayarwa suna ƙara ruɗa mu.

Asalin sinadarin da ake yin kulant da shi, etilin gilaikol, ba shi da kala ko kaɗan, fari ne tas kamar ruwa. Rini ake zuba masa don a gane shi in yana yoyo kuma kowane kamfani ya bambanta nasa. Abin da ya raba wani kulant da wani shi ne magungunan hana tsatsa da ke ciki, ba rinin ba. Koren nan na da, wanda iyayenmu suka sani, yana da silikat da fosfat, yana rufe ƙarfe da sauri amma ƙarfinsa na ƙarewa da wuri, shi ya sa ake cewa a canza shi duk shekara 2. Daga baya aka fito da masu daɗewa, kamar Dex-Cool na GM mai kalar lemu da ya fito a tsakiyar shekarun 1990. Toyota na da ja na da, sannan suka koma mai kalar hoda, shi ne wanda motarka ta fito da shi daga kamfani, kuma a littafinsu na Amurka canjin farko sai a kilomita 160,000 ko shekara 10, daga nan duk kilomita 80,000. Na Honda shuɗi ne. Volkswagen kuwa G12 ja-ja ne, G13 kalar shunayya. Ga abin haushin, yanzu za ka samu kore mai daɗewa, ka samu ja wanda ba komai cikinsa sai ruwa da rini, don haka shiga shago ka ce a ba ka ja kamar ka je kyamis ne ka ce a ba ka farar ƙwaya. Juya bayan galan ɗin ka karanta an rubuta ya dace da motocin Japan, babu silikat, sannan a duba ko an riga an sirka shi da ruwa ko gundarin ne.

Wannan na ƙarshen shi ne ma ya fi damuna da motarka fiye da kalar. Yi lissafi da ni. In kowace zubarwa rabi take fitarwa, bayan ta farko saura kashi 50 cikin 100 na tsohon, ta biyu 25, ta uku 12 da ɗoriya, ta huɗu wajen 6. Kai sau uku aka zubar maka, kuma na ukun ma ban sani ba ko an bar injin ya yi zafi har tamostat, bawul ɗin da ke tare ruwa sai inji ya yi zafi, ya buɗe, don in bai buɗe ba ruwan da yaron ya ɗura a radiyeta shi ya sake fitarwa, na cikin bulok ko gezau. Kenan akwai ragowar maganin wanki a ciki, kuma da yawansu masu tsami ne, in suka zauna suna cinye ƙarfin sabon kulant kuma suna ci gaba da kankare tsatsa, shi ya sa kullum zai ƙara duhu. Na biyu, rabin da ya rage a inji yawanci ruwan famfo ne, in wanda ka saya sirkakke ne rabi da rabi ka zuba a kai, abin da ke motarka yanzu bai wuce kashi 25 zuwa 30 na gilaikol ba. An tsinka shi kamar kokon gidan biki.

Mafita biyu ce. Ko dai bayan an ɗauraye da ruwa mai tsabta ka zuba gundarin, wajen lita 2 da rabi zuwa 3, ka cike da ruwa, sai ya haɗu da na cikin bulok ya zama rabi da rabi. Ko kuma a kwance magudanar jikin bulok da tiyon hita a fitar da komai sannan a zuba sirkakke.

Baba mai Trotro:

Ku yaran zamani kun cika fi'ili. Shekara 30 da wani abu ina jan mota tsakanin Kumasi da Bawku, ruwa nake zubawa, ruwan Allah, ban taɓa sayen wani ruwa mai kala ba. Wannan abin na ƙasashen ƙanƙara ne don kar ruwa ya daskare musu, mu wace ƙanƙara muke da ita, ko a tsakiyar hunturu a Bolga ban taɓa ganin ruwa ya daskare ba. Ɗana zubar da shi ka ɗura ruwa, ka sa a cire maka tamostat ɗin nan ma kowa ya huta.

Masta Magazin:

Baba ina gaisuwa, a yi min afuwa, yau dai zan ɗan yi musu da babba. Ta wani gefen kuna da gaskiya, ruwa zalla ya fi kulant kwashe zafi, wannan ba gardama, kuma daskarewa ba matsalarmu ba ce. Amma Baba motocin da kuka ja bulok ɗinsu baƙin ƙarfe ne mai kauri, radiyeta ta tagulla wadda in ta toshe a fasa ta a zura waya a sake liƙewa da dalma. Ku tuna sau nawa kuka kai radiyeta wajen masu sokewa, sau nawa kuka canza famfon ruwa? Ai tsatsar ruwan ce, kun saba ne har kuka ɗauka haka mota take. Ta yaron nan bulok alminiyom, kan inji alminiyom, radiyeta alminiyom da tankin roba, ramukanta sirara kamar tsinken sakace. Ruwan bohol mai gishiri-gishiri in ya dahu a ciki yana barin farin dutse irin na gindin butar shayi, ba ta sokuwa, sai dai sabuwa. Na sha cire famfon ruwa in tarar fukafukansa sun cinye saura guntu, mai motar na rantsuwa wai shi kullum radiyetarsa a cike take. A cike take mana, amma ruwan ba ya zagayawa.

Zancen tafasa kuma, ruwa na tafasa a digiri 100, murfin radiyeta mai lamba 1.1 shi ke matse shi ya kai wajen 120, kulant rabi da rabi ya ƙara wasu 'yan digiri a kai. A go-slon Kejetia da rana tsaka da AC a kunne wannan ɗan ƙarin yana da rana. Shi ya sa nake cewa murfin nan da ake rainawa, in robarsa ta tsage a canza, ya fi komai araha.

Tamostat kuwa Baba ku bar wa yaro abinsa. Wajen digiri 82 yake buɗewa, in an cire shi injin ba ya kai zafin da kwamfutarsa ke jira da wuri, sai ta yi ta ba shi fetur kamar mai lalurar sanyi, kuma da tsadar man nan ba na jin yana da kuɗin sadaka wa gidan mai.

Hajiyar Asawase:

Ni ban san komai a inji ba, mai gidana ne ke fama da su. Abu ɗaya zan roƙa, dan Allah in za ku sake zubarwa ku tara a bokiti mai murfi, kar a bar shi ya kwanta a tsakar gida ko a kwata. Zaƙi gare shi kuma guba ne, ƙoda yake lalatawa. Mun yi asarar mage da ɗan akuya a rana ɗaya saboda an bar shi a roba a bakin ƙofa. Kuma sauran da ka ce yana but, kar a juye shi a gorar lemo, kai da bakinka ka ce kamar sobolo yake, yaro ba zai bambanta ba.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Hajiya na ji, na ɗaure galan ɗin a leda na kai sito na kulle.

Ga yadda aka yi. Na bi maganar Masta, jiya na ɗebi ruwan a kwalba na ajiye, kafin la'asar wani gari ja-ja kamar na bulo ya kwanta a ƙasa, saman ya ɗan washe amma ba maiƙo ko ɗigo. Baƙin mai lafiya, murfinsa a bushe, man giya ja garau, kumfa kuma ta ɗan fito sau biyu uku ta tsaya. Na juya bayan galan kamar yadda Injiniya ya ce, ashe sirkakke ne, 50/50 a rubuce ɓaro-ɓaro ban taɓa lura ba.

Yau na koma wajen fitan, da farko ya so ya hau ni da faɗa wai ai haka kulant yake yi in ya ji zafi, na ce Oga ni ba rigima na zo ba, a cire robar gefen kawai mu gani. Da yaron ya kife ta wlh abin da ya fito kamar an kwashe kwata, shi kansa ogan sai ya yi shiru ya karɓi sifana da hannunsa. Mun ɗauraye sau huɗu, kowane zagaye sai an bar fanka ta tashi sannan a kashe a jira ta huce, hita a ƙure, tun ƙarfe 9 har bayan azahar, na huɗun ne ya fito fari. Sai ga wani abin da ban zata ba, da ya buɗe gidan tamostat babu komai a ciki, wayam. Ni dai ban sa a cire ba, ko dai tun kafin in saya ne ko wani fitan ya yi min gwaninta ban sani ba. Akwai kuma wani bututun ƙarfe da ke bi ta bayan inji zuwa hita, bakinsa ya ci tsatsa sosai, ya ce daga nan garin yake fitowa, gobe zan shiga Magazin in nemo shi da tamostat da sabon murfi.

Tambayata ta ƙarshe Masta, ruwan da za a sirka gundarin da shi, fiya wata ya isa ko lallai sai na batir? Kuma in na gama Asabar zan iya kama hanyar Tamale ranar Litinin?

Masta Magazin:

Alhamdu lillah, ka ga kuɗin gaskit ya koma gudummawar biki. Direban Tafo sai ka fito ka ba yaro haƙuri.

Na batir za ka saya, amma buɗe kunnenka da kyau, tataccen ruwan da ake ƙarawa a batir nake nufi, ba asid ba, ka faɗa wa mai shagon sau biyu don yaran shago ba sa saurare. Fiya wata na sha ne, akwai gishirin ƙasa a cikinsa, na gaggawa ne in ka maƙale a hanya. In sun zuba su ɗaga gaban motar kaɗan su bar ta a silo murfi a buɗe har iska ta gama fita, ka sa hannu a bakin hita ka ji iska mai zafi na fitowa, in sanyi take hurawa akwai sauran iska a ciki. Tamostat ɗin akwai ɗan ƙaramin rami mai ƙwallo a gefensa, ya kalli sama in za a ɗaura.

Lahadi ka ɗan zaga da ita, ka je Ejisu ka dawo, Litinin da asuba ka duba robar gefe ka cike zuwa layi, don dole ta ɗan sha. In bayan sati biyu ka ga ya ɗan dusashe kaɗan kar ka sake daina shan koko, ragowar da ta maƙale a hita ce. Ka riƙe lita ɗaya a but, in ka tsaya cin abinci a Kintampo ka leƙa ƙarƙashinta ka ga ko tana ɗiga.